A Ƙauye, Kafireta Ce Mai Binciken Fetur

A birni, idan gidan mai ya sayar da gurɓataccen fetur, kafin la'asar motoci sun jeru a gefen titi, masu su sun koma gidan man da hayaniya, wani ya ɗauki hoto da waya, washegari magana ta kai kunnen hukuma. A ƙauye ba haka abin yake ba. Mai zai bar daffo ya shiga tanka, ya sauka a gidan man bakin hanya, ya koma jarka, ya hau bayan babur, ya kwana a rumfar ɗan bumburutu, sannan ya iso bakin gona a galan, duk wannan tafiya ba wanda ya leƙa ya ga abin da ke cikinsa. Wurin da ake fara gwada shi shi ne cikin kafiretar injin manomi. Ita ke fitar da sakamako, manomin kuma shi ke biyan kuɗin gwajin.

Ina noman shinkafa a ƙasar Kura, inda ruwan madatsar Tiga ke bi ta magudanai yana shayar da gonaki. Ni da ƙanena muna da ƙaramar tarakta ta hannu, irin wadda mutum ke riƙewa ta baya yana bin ta a ƙafa. Muna yin namu aikin da ita, muna kuma ba da ita haya. Manyan taraktocin da ake gani a gonakin masu hali, su Massey Ferguson da John Deere da Mahindra, dizal suke sha, ba ruwansu da kafireta. Nasu ciwon daban ne, ya kuma fi tsada, domin in ruwa ya kai ga famfon mai da nozul, gyaran ya fi ƙarfin bakin gona. Ƙananan kuwa, akwai masu dizal a cikinsu, amma da yawa fetur suke sha, kuma injin da ke kansu kusan duk zubin Honda GX160 ne ko GX200, ko dai na asali ko kwaikwayon da ake kawowa daga ƙasar Sin. Shi ne dai a kan injin ban ruwa, shi ne a kan injin markaɗe da wasu janaretoci. Wanda ya san cikin guda ɗaya ya san cikin dubbai da ke aiki daga Kadawa har fadamun Haɗejia da Argungu.

Mun saba da wankin kafireta har mun ɗauke shi wani abin dole da ba a tambayar dalilinsa. Inji ya fara tari, a kira makanike, ya kwance, ya hura, ya ɗaura, a sallame shi, bayan kwana kaɗan a sake nemansa. Ni ban ga laifin kafireta a nan ba. Ita ce kawai wuri mafi ƙunci a duk hanyar da mai ke bi, don haka a wuyanta komai ke maƙalewa. Hujin babban jet ɗinta, wato ɗan ƙarfen da mai ke bi ta cikinsa, bai kai milimita ɗaya ba. Na ƙaramin jet, wanda ke riƙe silo, bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar yashi guda ta isa ta tsayar da aikin yini. Wanda ya wanke kafireta ya bar tanki da tiyo yadda suke, moɗa ya wanke ya mayar da ita cikin randar da ba a ɗauraye ba. Kuma wannan rabin aikin, wanda ake biya sau uku sau huɗu a zango guda, ya fi gurɓataccen man kansa cin kuɗin manomi.

Idan an ce mai ba shi da kyau, ba abu guda ake nufi ba. Na gaba-gaba shi ne ruwa. Litar fetur nauyinta kamar kashi uku ne cikin huɗu na kilo, litar ruwa kuwa kilo guda ce cif, saboda haka ruwa ƙasa yake kwanciya. To mafitar tanki a ƙasa take, kuma daga gindin kofin kafireta jet ke zuƙar mai. Cokali ɗaya na ruwa a tanki mai cin lita uku da ɗoriya zai riga duk man isa inda ba a son sa. Ba kuma lallai mugunta ce ta kawo shi ba. Tankin ƙasa na gidan mai yana iya yoyo da damina, murfin jarka yana iya zama ba shi da roba, ruwan sama yana bi ta murfin tankin injin da aka bari a fili, raɓa ma tana taruwa a cikin tankin ƙarfe da aka bari da rabin mai.

Sai wanda ya gaurayu da dizal ko kananzir. A da ana zuba kananzir don riba, amma yanzu da ya fi fetur tsada, wawa ne kaɗai zai yi wannan algus ɗin. Abin da ya fi faruwa shi ne jarkar da ta ɗauko dizal jiya ita ce ta ɗauko fetur yau. Irin wannan man ba ya toshe jet nan take, sai dai inji ya yi wuyar tashi da safe, ya riƙa fitar da farin hayaƙi, ya yi ƙwanƙwasa idan aka sa shi aiki mai nauyi, wanda bai ƙone ba kuma ya gangara ta gefen fistan ya tsinka baƙin mai.

Na uku shi ne wanda mu da kanmu muke ɓatawa, kuma shi aka fi ɗora wa mai sayarwa laifinsa ba gaira ba dalili. An gama aikin rani, an jingine tarakta a zaure da mai a cikinta, ba a sake waiwayarta ba sai ruwa ya sauka. A wannan zafin namu na bazara, ɓangaren fetur mai saurin kamawa yana tashi ya bi iska, abin da ya rage ya yi duhu, ya canza wari, ya bar wani ƙaro mai ɗanko a jikin jet da allurar da ke rufe mai. Man da aka saya lafiyayye a watan Maris, a watan Yuni ya zama abin da zai hana inji tashi. Tsatsa da yashi da ƙurar hunturu kuma ba sai an yi dogon bayani ba. Duk wanda ya ga yadda yara ke cire 'yar ragar bakin tanki su yar, wai tana hana mai saurin shiga, ya san ta inda suke bi.

Inji yana faɗin abin da ke damunsa, in akwai mai sauraro. Idan ba ya aiki sai an ja cok, da an mayar ya mutu, mai ne ba ya isa, babban jet ya toshe ko wani abu ya tare hanya tun daga sama. Idan yana hawa yana sauka shi kaɗai, gwamnan injin yana kai da kawowa, ƙaramin jet ne. Idan mai na ɗiga ta bakin kafireta ko ta wajen soson iska, allurar fulot ce ba ta rufewa. Idan kuma ya tashi lafiya, ya yi 'yan mintoci ya mutu, aka huta ya sake tashi, a duba ɗan hujin iska da ke murfin tanki kafin a taɓa komai. Ana kwance kafireta da yawa a ƙasar nan a kan laifin murfi.

Wata safiya lokacin shirya fili don dashe, tamu ta mutu a tsakiyar laka bayan an zuba mata man da yaronmu ya sayo a hanya. Muka jawo ta tudu, muka kira wani dattijon makanike da ya daɗe yana yi mana aiki. Bai fara da sifana ba. Kwalba ya nema, fara, ya tsiyayi man tanki a ciki, ya ajiye a inuwa, ya ci gaba da gaisawa da mutane. Da ya ɗago ta, ga ruwa kwance a gindi kamar faɗin yatsa, da layi a fili tsakaninsa da man. Sannan ya kwance kofin kafireta ya miƙo mini. A gindin kofin akwai jan gari mai laushi, tsatsar tanki ke nan, ga kuma ɗigon ruwa a dunƙule yana gangarawa ƙarƙashin fetur duk inda aka karkata. A jikin alminiyam ɗin akwai wani farin abu mai kama da alli, alamar ruwan ba na yau kaɗai ba ne.

Na ce, "Baba, a wanke mana ita mu koma, rana na yi."

Ya ce, "Malam, in don kafiretar ce, yanzu ka gan ta fes. Amma in ka mayar mata da wannan tankin, jibi ma ina nan. Ka zaɓa, ka ba ni awa biyu yau, ko ka riƙa ba ni rabin awa duk sati."

Irinsa ba su da yawa, kuma ba na zargin sauran da ha'inci kai tsaye. Mai inji ne ke tsaye a kansu yana duba agogo, shi kuma yaro yana da wasu injina biyar suna jiransa. Amma aikin yana da tsari, kuma tsarin daga sama yake farawa ya gangaro, yadda man ke bi.

Kafin komai, a bar inji ya huce, a fito da shi fili, a nisanci murhu da sigari da fitilar ƙwai, a zare hular fulogi. Kada a zuƙi mai da baki ta tiyo. Mutane na yi kullum suna dariya, amma fetur ɗan kaɗan in ya sarƙe ya shiga huhu, asibiti ne. A tsiyayi man a farar kwalba a bar shi ya natsu. A ɗiga kaɗan a farar takarda: fetur mai kyau zai bushe bai bar komai ba, mai dizal ko kananzir zai bar tabon maiƙo. Daga nan a juye tankin duka, a kwance shi daga jikin inji, notuna kaɗan ne ke riƙe da shi. A ɗauraye da fetur mai tsabta. In akwai tsatsa, a zuba 'yan notuna a ciki a girgiza sosai, a sake ɗaurayewa har abin da ke fitowa ya zama garau, a ƙirga notunan da aka zuba a tabbatar duk sun fito, a shanya tankin a rana ya bushe. A mafitarsa akwai 'yar raga siririya, a duba ta. Tankin da ya huje kuma kada wanda ya kai shi wajen mai walda alhali yana warin mai.

Tiyo ba abin lallaɓawa ba ne. In ya ƙandare ko ya yi laushi yana manne wa yatsa, cikinsa na marmashewa yana tura baƙin gari gaba, a yar a sa sabo. Nan ne kuma wurin da za a yanka a saka 'yar filtar nan ta roba mai gani-har-hanji da ake sa wa babura. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ga shi tana nuna wa mai inji dauɗa da idonsa. A ƙarƙashin makunnin mai, yawancin injinan nan suna da wani ɗan kofi da aka yi musamman don ruwa da laka su kwanta. Na sha ganin injin da ya shekara biyu yana aiki ba a taɓa buɗe wannan kofin ba, mai shi ma bai san da shi ba.

Sai yanzu aka zo kan kafireta. Wanda bai saba ba ya ɗauki hotonta da waya kafin ya taɓa, musamman yadda sandar gwamna da siririn sifirin suke maƙale, da yadda gasket-gasket suke jere. Sifana mai lamba 10 ta isa yawancin aikin. A cire kofi, a zare ɗan ƙarfen da ke riƙe da fulot, a ciro allura a duba bakinta: in ya yi zobe ko ya kumbura, ba wankin da zai gyara ta. A girgiza fulot ɗin a kunne, in an ji mai a ciki ya huje. Babban jet tagulla ne mai taushi, a nemi sukudireban da ya cika bakinsa daidai, in ba haka ba a cinye kan a shiga wata wahalar. A bayansa akwai wani siririn bututu mai ƙananan huji a jikinsa, wanda ke gauraya mai da iska. Shi ne aka fi mantawa, kuma shi ne ke sa a ce an wanke amma ba ta daina ba. Ƙaramin jet yana sama, a ƙarƙashin sukurun silo. Duk sukurun da za a kwance, a fara murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya zauna, don a san inda za a mayar da shi.

A nan nake da faɗa da kanikawa da yawa. Allurar ɗinki da wayar birki da tsinken ƙarfe ba kayan wanke jet ba ne. Ƙarfe ya fi tagulla ƙarfi, duk tsokalewar da aka yi tana ƙara faɗin hujin, kuma hujin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Injin zai tashi, kowa ya ce madalla, amma daga ranar zai riƙa shan mai fiye da kima, yana baƙanta fulogi, yana hayaƙi. Ana so ne a haɗa iska wajen kashi goma sha biyar da mai kashi ɗaya a nauyi, kuma wannan ɗan hujin ne ke riƙe da lissafin. A yanzu da litar mai ta zama abin da ta zama, makaniken da ya buɗa maka jet da allura ya ɗora maka bashin da za ka riƙa biya kullum. Abin da ya dace shi ne maganin fesawa na wanke kafireta, a bar ƙarafan su jiƙa, a bi hujin da sili ɗaya na wayar lantarki mai taushi ko gashin buroshi, a hura da iskar mai faci ko famfon keke, sannan a ɗaga a kalli rana ta cikinsa. In hasken ya fito a zagaye, ya fita. Robobi kuma a ware su gefe, maganin yana kumbura su. Wajen mayarwa, gasket ɗin da ya yage a sake shi, domin iskar da ke shiga ta gefe tana ba da alama iri ɗaya da toshewar jet, sai a yi ta kwancewa ana ɗaurawa ba a gane ba.

Wasu za su ce me ya kai mu wannan dogon aiki, ga sabuwar kafireta a kasuwa da araha? In ruwa ya cinye cikinta, ko an riga an lalata jet ɗin, ni ma sabuwa nake cewa a saya. Amma sabuwa a ƙarƙashin tsohon tanki kwana nawa za ta yi?

Abu na ƙarshe da aka fi tsallakewa shi ne baƙin mai. Idan allura ta daɗe ba ta rufewa, fetur na bi ta silinda ya sauka cikin baƙin mai. A zaro ma'auni a sansana. In yana warin fetur, ko ya tsinke, ko ya haura inda aka bar shi, a juye a zuba sabo. Kaɗan ne ya wuce rabin lita. Na'urar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa ba za ta cece ka a nan ba, don ita yawa take aunawa, man kuwa ƙaruwa ya yi. Injina da yawa da ake cewa gurɓataccen mai ya kashe su, ba a ranar suka mutu ba. Makonni suka yi suna aiki da tsinkakken baƙin mai. Sai a wanke fulogi ko a sake shi, a wanke soson iska, a zuba mai mai kyau ta mazurari da ƙyalle mai tsabta.

Wani abin da ke ba ni sha'awa shi ne tsofaffin taraktocin fetur na Turawa. Ferguson TE20, wadda aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, sama da rabin miliyan, da Ford 8N ta Amurka ta 1947 zuwa 1952, duk suna da kofin gilashi a ƙarƙashin tanki. Manomi zai sunkuya da safe ya ga ruwa ko laka da idonsa, ya kwance ya zubar kafin ya tayar. Waɗanda suka ƙera su sun san man ƙauye daga durom yake fitowa, sai suka yi injin a kan haka. Har yau masu riƙe da waɗannan taraktoci a can suna fama da tsohon fetur da tsatsar tanki, kuma tsarin gyaransu shi ne wanda na zayyana: tanki, kofi, bututu, sannan kafireta. Mu da muke da man da ya fi nasu bin hannuwa, an kawo mana injin da kofinsa na ƙarfe ne, a ɓoye, ba mai sayarwar da ke nuna wa mai saye shi.

To ina hukuma a duk wannan? A watan Fabrairun 2022 ƙasar nan ta ga abin da manomi ke gani duk shekara. An shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka lalace, musamman a Legas da Abuja, aka janye man daga kasuwa, layi ya dawo gidajen mai har nan Arewa ana tsakiyar noman rani. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya bayyana cewa gwajin da aka saba yi a tashar lodi da tashar sauke kaya bai haɗa da auna metanol ba, ya kuma ba da haƙuri a gaban kwamitin Majalisar Wakilai. Metanol yana cin roba, yana cin alminiyam, yana jawo ruwa. Abin mamaki, gano irinsa ba ya buƙatar wani babban ɗakin bincike: a zuba ruwa kaɗan a kwalba, a yi masa alama, a cika da fetur, a girgiza a ajiye. In ruwan ya haura alamar, akwai irin wannan sinadarin a ciki. Idan har a bakin teku, inda ake da ma'aikata da kayan aiki, abu irin wannan ya wuce, me ake tsammani a gidan man da ke kilomita hamsin daga hedikwatar jiha?

Dokar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NMDPRA, ta ɗora mata kula da ingancin man da ake sayarwa. Ina ganin labarin jami'anta suna rufe gidajen mai a birane saboda tauye mudu ko ɓoye mai, kuma hakan daidai ne. Amma tauye mudu kuɗin lita yake ci maka, ruwa a cikin mai kuwa inji yake ci, ya haɗa da kwanakin da shuka ba ta jira. Akwai wani man shafawa da ake sa wa sandar awo a zura a tankin ƙasa, in ya taɓa ruwa ya canza launi. Aikin minti biyar ne. Ban ga abin da zai hana a wajabta wa kowane gidan mai yin sa kowace safiya da damina ba, a rubuta a littafi, jami'i kuma ya riƙa faɗowa ƙauyuka ba sanarwa yana duba littafin da tankin.

'Yan bumburutu kuwa, na san da yawa za su so in ɗora musu komai. Ba zan yi ba. Akwai marasa tsoron Allah a cikinsu, kamar kowace sana'a, amma yawancinsu man da suka sayo a gidan mai suke sayarwa, laifinsu jarka ce da mazurari da barin kaya a rana. Kuma ba su suka ƙirƙiri kansu ba. Manomin da ke buƙatar lita huɗu ba zai ƙona lita ɗaya a babur ya je gari ya dawo ba. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, don daƙile fasa-ƙwauri. Manoman Jibiya da Illela da Maigatari da Kamba ba su daina ban ruwa ba, jarka suka koma wa. Tun kuma da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, ba wanda ke iya zubar da man da yake shakka. A da mutum zai tuntsurar da rabin galan bai ji komai ba. Yanzu sai ya ce bari dai a gwada, ƙila ya sha. Wannan "ƙila" ɗin ce ke cika rumfunan kanikawa.

Gwamnatocin jihohi da 'yan majalisa suna son rabon ƙananan taraktoci da injinan ban ruwa, don abu ne da ke kyau a hoto. Ba na ƙin rabon. Amma a je bayan shekara guda a ƙirga nawa ke aiki. Da za a haɗa kowane inji da mazurari mai raga, da 'yar filta, da sifana mai lamba 10, da takarda guda a rubuce da Hausa da ajami, a kuma tara waɗanda suka samu a yi musu yini ɗaya ana kwancewa ana ɗaurawa a gabansu, da kuɗin da aka kashe ya fi yin albarka. Wani makanike ya taɓa ce mini, "Alhaji, so kake ka raba mu da abincinmu?" Na ce masa a'a. Makaniken kirki ba a wankin kofi yake cin abinci ba. Akwai ring, akwai bawul, akwai giya, akwai gwamna, ayyukan da manomi ba zai iya ba. Injin da bai mutu da wuri ba shi ne zai daɗe yana kawo masa aiki.

Namu ɓangaren kuma ba sai mun jira kowa ba. Jarkar fetur ta zama ta fetur kaɗai, mai murfi da roba, a inuwa. Man da aka sayo a bar shi ya ɗan natsu, kada kuma a juye har ɗigon ƙarshe na gindin jarka. In an tashi daga aiki a rufe makunnin mai. In za a jingine inji fiye da wata guda, a rufe mai a bar shi ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, a kwance sukurun gindin kofi a tsiyaye sauran, a juye tanki. Gurɓataccen man da aka cire kada a zuba shi a magudanar ruwa, kada a kai shi gida a ce za a hura wuta da shi, kada ya kusanci jarkar kananzir ɗin mata.

A ajiye kwalba guda daga cikinsa a rufe, a manna mata takarda da kwanan wata da wurin da aka saya. Manomi ɗaya da kwalba ɗaya, a gidan mai za a ce masa jarkarsa ce. Amma kusan kowane yankin ban ruwa yana da ƙungiyar masu amfani da ruwa ko ta manoman shinkafa, mai shugaba da sakatare. Idan kwalabe goma daga wuri guda a mako guda suka nuna ruwa, sakatare ya rubuta takarda, a ɗauki kwalaben a kai ofishin NMDPRA na jiha, a ajiye kwafi wajen hakimi, 'yan ƙungiya kuma su koma sayen mai a wani wurin har sai an zo an zura sanda a tankin.